Gyara Kawai

Shagon Mai Aski yana kan layin da ya gangara zuwa tafki. Kujera ɗaya ce a ciki, mai juyawa, sai benci na masu jira, sai wani babban madubi da gefensa ya fara yin baƙi. A saman madubin akwai ƙusa inda yake rataya injin aski, a ƙasa kuma almakashi da reza da wani buroshi da gashinsa ya kwanta gefe ɗaya don tsufa. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya gaggawa da kan kowa. In ka zauna a kujerarsa ka ce masa "gyara kawai," ya san abin da kake nufi. Zai bi gefen kunne, ya daidaita ƙeya, ya rage abin da ya yi tsiri, ya bar maka sumarka yadda ka zo da ita. Tun yana koyon sana'a a haka yake jin kalmar, har hannunsa ya fi kunnensa saninta.

Da aka fara gina masaukan baƙi a kewayen tafkin, hukumar gari ta kafa doka cewa ba mai taɓa bakin ruwa, ko ciyawa ce ko dutse, sai kwamitin unguwa ya zauna ya yarda. Aka ce a kawo mutum ɗaya daga layin gangare. Mutanen layin suka ce ai duk wani kai da ke unguwar nan ta hannun Mai Aski yake bi, shi ne zai je. Ya ce shi fa bai yi karatu mai nisa ba. Suka ce ba karatu aka ce ya je ya yi ba, ido aka ce ya sa. Haka ya shiga kwamiti, yana zama a kujerar baya, yana sauraro.

Gidan da aka haife shi shi ne na ƙarshe a layin. Yayarsa ce a ciki, ita da mahaifiyarsu. Inna ta daɗe ba ta tashi, ƙafafu sun ƙi, tana ɗakin baya, gadonta a jikin taga. Bayan tagar akwai wani ɗan tudu siriri, a kansa itatuwa sun yi layi sun sunkuya kan ruwa, ƙarƙashinsu kuma doguwar ciyawa ta shige cikin tafkin. Saiwoyin itatuwan har ƙarƙashin ɗakin suka kai, sun ɗaga siminti a kusurwa ɗaya, Yaya kullum sai ta yi tuntuɓe a wurin ta yi musu tas. Amma kowa a gidan ya san su ne suka riƙe tudun, tudun kuma shi ya riƙe ɗakin Inna.

Sabon masaukin da ake ginawa a maƙwabtansu aikin wani ɗan kwangila ne, mutum mai fara'a da yawan suma, wanda ya mai da shagon Mai Aski wurin hutunsa. Da ya zauna aka ɗaura masa ƙyalle a wuya sai ya lumshe ido, wani lokaci har da minshari. Wata rana Mai Aski yana daidaita masa ƙeya, sai ya ce, ido a rufe, "Gini ya ƙare, saura bakin ruwa. Za mu kawo wa kwamitinku magana."

"Me za ku yi wa bakin ruwan, yallaɓai?"

"Gyara kawai."

Mai Aski ya busa gashin da ya maƙale a bakin injin. A ransa ya ga abin sarai: an kwashe ledoji da robobin da iska ke tarawa a cikin ciyawa, an rage rassan da suka bushe, an daidaita gefen hanya. Har ya ji daɗi, don Inna ta daɗe tana cewa wani busasshen reshe yana goga mata kwano in ana iska.

Ranar zaman kwamiti ana zafi, fankar ofis kuma ta lalace. Ma'aikaciyar ofishin tsara gari, wadda ake ce wa Mai Taswira saboda ba a ganinta ba tare da naɗaɗɗiyar takarda a hammata ba, ta shimfiɗa taswirar a tebur ta danne gefenta da kofi. Ta ce ita shawararta kada a amince tukuna. A ɗauki fenti a je wurin gaba ɗaya, a shafa wa duk abin da ba a so a taɓa, sannan a ba da izini.

Wani ya ce a wannan ranar? Wani ya duba agogo. Mai Aski, wanda tunda ya shiga kwamiti ba a taɓa jin muryarsa ba, ya miƙe a hankali yana riƙe da bayan kujerar da ke gabansa.

"Ni na san mutumin nan," ya ce. "Kansa a hannuna yake. Da bakinsa ya ce min gyara kawai za su yi. In kuwa akwai wanda ya san gyara a ɗakin nan, ina jin ni ne."

Aka yi dariya, shi ma ya yi murmushi yana duban ƙasa. Shugaban kwamiti ya ce to ai mai sana'a ya yi magana, kuma gidansu ne ma a bakin wurin, wa zai fi shi kishi? Aka amince. Mai Taswira ta dube shi ta ɗan jima, sannan ta ɗauke kofin, takardar ta naɗe kanta.

"To kai ne mai sa ido," ta ce.

Ba a daɗe ba aka kewaye wurin da kwano, tun daga masaukin har jikin bangon Yaya. Falle ɗaya ya tsaya daidai tagar Inna, bai fi kamu ɗaya tsakani ba, ɗakin ya yi duhu. Inna ta ce an rufe mata ido. Mai Aski ya ce ta yi haƙuri, na ɗan lokaci ne, in aka buɗe za ta ga wuri fes. Daga can wajen masaukin aka fara jin ƙarar zarto.

"Auta," in ji Yaya wata safiya da ya shigo gai da Inna, "wannan ƙarar fa ba ta ƙarewa. Kuma sama kamar ta ƙara faɗi ta can gefen."

"Rassa ake ragewa, Yaya."

"Ka gani da idonka?"

"Ai na san aikin."

Gaskiya ya taɓa zuwa ƙofar wurin sau ɗaya. Maigadi ya ce ba a shiga sai da hular ƙarfe da babban takalmi. Mai Aski ya dubi silifas ɗinsa, kunya ta kama shi, ya ce ba komai zai dawo. Bai ce shi ɗan kwamiti ba ne, don bai iya faɗin irin wannan magana game da kansa ba. Ya koma shago, akwai mutane a benci suna jira. Itatuwan bayan gidansu dai suna nan, yana hango kansu ta saman rufi duk sanda ya gangara, sai hankalinsa ya kwanta.

Ranar da abin ya faru shago ya cika tun da safe. Injin aski yana kuka a kunnensa, rediyo na yi, masu jira suna musun ƙwallo. Bai ji komai daga gangare ba. Yana tsakiyar kan wani direba sai inuwa ta tare ƙofa. Ya duba madubi ya ga Yaya, da kwandon cefane a hannu. Yaya ba ta taɓa taka shagon nan ba, ta ce wurin maza ne da gashin mutane.

"Auta, ajiye injin nan."

Ya kashe. "Inna ce?"

"Inna lafiyarta lau. Zo dai."

Direba ya ce, "Haba Mai Aski, a rabi za ka bar ni? Gefe ɗaya ango, gefe ɗaya mahaukaci?" Ba wanda ya yi dariya, don sun ga fuskar Yaya.

Suka gangara. Tun kafin su kai ya ji wani abu ba daidai ba, amma ya kasa gane ko mene ne, kamar in mutum ya aske gashin baki ka yi ta kallonsa kana neman abin da ya canza. Sai da suka shiga tsakar gida. Rana ce shimfiɗe a inda bai taɓa ganin rana ba, a kan randar ruwa, a kan dutsen da Yaya ke wanki. Ya ɗaga kai. Saman rufin ɗakin Inna babu komai sai sararin sama.

Ya tsaya a nan, hannunsa na dama har yanzu a lanƙwashe kamar yana riƙe da inji.

"Na fita kasuwa suna nan," in ji Yaya. "Na dawo babu."

Ɗakin Inna ya cika da haske har yana kashe ido. An cire fallen kwanon da ya tare taga, don a samu hanyar jan gungumen. Inna tana kishingiɗe, ta kare fuska da tafin hannu, tana leƙe ta tsakanin yatsu.

"Auta, kai ne?" ta ce. "Ashe haka ruwan nan yake da faɗi? Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ƙarshensa ba sai yau."

Ya zagaya gadon ya dafa taga. Daga nan har masaukin babu itace ko ɗaya a tsaye. Kututture ne jere, farare, ruwansu na tsattsafowa. An kankare ciyawar har ƙasa, an tara ta tsibi-tsibi tana bushewa. Daga can gefen masaukin an riga an zuba farin yashi an baje, an kafa sandunan laima. Tsakanin yashin da nan kuwa wata babbar mota mai haƙa tana aiki. Sai ta soka haƙoranta ƙarƙashin kututture, ta ɗaga shi da saiwoyinsa da ƙasarsa, ta jefar gefe. Duk ramin da ta bari, kafin ta matsa gaba ruwan tafki ya silalo ya cika shi. Tana tahowa ne ta nan.

"Da na ƙarshen ya faɗi, gadon nan sai da ya motsa," in ji Inna. "Na ce ko girgizar ƙasa ce. Na yi ta kira, ba kowa."

Yaya ta kama hannunsa ta ɗora a bango, ƙasan taga. Ya ji ta kafin ya gan ta. Tsaga ce siririya kamar zare, ta taso daga kusurwar taga ta gangara ta ɓace a bayan gado.

"Jiya babu ita," ta ce.

"Gyara ya ce min, Yaya." Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa. "Da bakinsa. Gyara kawai."

Yaya ta ajiye kwandon a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba, saboda Inna. "Auta, ni in na ce maka zan gyara kifi, me kake gani ya rage a cikinsa?"

Sau nawa ya zauna a tsakar gidan nan yana kallonta tana kankare ɓawo, tana farke ciki, tana zubar da komai a roba, ita ma gyara take cewa. Bai taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Ya fita. Ya bi ta ƙofar wurin aikin da silifas ɗinsa, maigadi ya yi magana, bai ma ji ba. Ƙasa ta yi laushi, ƙafarsa na nutsewa. Ya hango Ɗan Kwangila tsaye a kan wani kututture, hannu a ƙugu. Da ya ga Mai Aski sai fuskarsa ta washe, ya sauko da sauri.

"Mai sa ido da kansa. Sai yau? To zo ka gani. Ka ga gyara ko? Baƙo yana kwance a ɗakinsa zai ga ruwa har ƙarshe."

Mai Aski ya dube shi yana neman alamar wasa ko ta ƙarya a fuskarsa. Babu. Mutumin murna yake yi tsakaninsa da Allah, irin murnar da shi kansa yake yi in ya ɗaga ƙaramin madubi ya nuna wa mutum ƙeyarsa. Wannan ya fi komai ɗaure masa kai.

"Yallaɓai, gyara ka ce."

"Gyara na yi."

"Wannan ai tal-kwabo ne."

Ɗan Kwangila ya fara dariya, sai ya ga ba dariya ake ba, ya tsaya. "Mai Aski, mu a wurinmu in aka ce a gyara fili, to a share shi ke nan, a bar ƙasa tsirara. Tun ina lebura haka na sani. Kai me ka ɗauka?"

"Abin da nake yi maka."

Ɗan Kwangila ya kai hannu ya taɓa ƙeyarsa a ƙarƙashin hular ƙarfe. Suka tsaya suna kallon juna. Motar ta sake ɗago wani kututture, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafunsu.

"Zo," in ji Mai Aski.

Ya ja shi har bayan gidansu. Tudun ya rage ɗan siriri, ba ciyawar da za ta tare, ruwa na lasar gindinsa kai tsaye, duk lasa sai 'yar ƙasa ta ɓare ta faɗa. Ta waje tsagar ta fi fitowa. A tagar kuma ga fuskar Inna, da ɗankwalinta ya zame, tana kallonsu.

"Sannunku da aiki," ta ce. "Auta, baƙo ne? A ba shi ruwa mana."

Ɗan Kwangila ya cire hular ƙarfen a hankali. Ga sumarsa nan cike, gefe-gefe a daidaice, aikin Mai Aski. Ya durƙusa a kan danyar ƙasa ya gai da Inna. Da ya miƙe ya juya baya ga tagar ya ce a hankali, "Wallahi ban san da mutum a ɗakin nan ba. Kwano ya rufe. Na ɗauka ɗakin ajiya ne."

"Saiwoyin waɗannan suna ƙarƙashin gadonta. In motar nan ta ja su, da ɗakin za ta ja."

Ɗan Kwangila ya dubi kututturen da suka rage, ya dubi motar. "Zan ce direban motar ya je ya ci abinci, ya daɗe yana ci. Iyakar abin da bakina zai iya ke nan. Masu wurin sun ce a gama yau, izini kuma kwamitinku ya bayar. In ba kwamiti ne ya ce a tsaya ba, ni za su cire, su kawo wani ya ƙarasa."

Mai Aski bai taɓa yin gudu a layin nan ba tunda ya girma. Ranar ya yi. Ya wuce shagonsa, direba na zaune a ƙofa da ƙyalle a wuya da rabin kai, ya ɗaga hannu zai yi magana, ya fasa.

Ya sami Mai Taswira a ofis tana shan shayi. Ya tsaya a gaban tebur yana haki, laka har gwiwa. Ya faɗa mata abin da ya gani, ba tsari, na ƙarshe a farko. Ta ajiye kofin ba tare da ta duba inda take ajiyewa ba, ya zauna a gefen tebur kamar zai faɗi.

"Duka?" ta ce.

"Duka."

"Da ciyawar?"

"Har ƙasa."

Sannan ta ce, "Malam, yaushe ka shiga ka duba?"

"Yau, ranki ya daɗe."

Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauki waya ta kira shugaban kwamiti, ta ce ga mai sa ido zai yi magana, ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Abin da na tsaya na ce za a yi, ba shi ake yi ba. Mutumin bai yi ƙarya ba. Ni ne ban tambaya ba. A tsayar da motar nan, don Allah, mahaifiyata na kan saiwar."

Sai shugaba ya ce, da wata murya da ba irin ta ranar dariya ba, a tsayar, shi zai kira sauran.

Mai Taswira ta sunkuya ta jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin tebur. Jan fenti ne, ba a taɓa buɗe shi ba, ƙura ta kwanta a murfin. Mai Aski ya gane ko na mene ne. Ya kau da kai.

Da suka isa direban motar ya gama cin abinci ya hau, inji na kuka, Ɗan Kwangila na tsaye a gabanta yana ta yi masa wata doguwar magana da ba ta da kai. Da ya hango su sai ya saki numfashi ya matsa gefe. Mai Taswira ta yi magana da direban, injin ya mutu. Shirun da ya biyo baya ya yi yawa. Da a ce da ne, da an ji tsuntsaye.

Ta tsaya ta dubi wurin tun daga yashi har bangon Yaya, hannunta a baki. Ta buɗe taswirarta, ta dubi koren layin da aka zana a bakin ruwa, ta dubi ƙasa, ta naɗe. Sannan ta ɓalle murfin gwangwanin da makulli, ta miƙa wa Mai Aski buroshi.

"Shafa wa duk wanda ya rage."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa ja a kan farin itace. Ba su da yawa, daga bayan gidansu zuwa 'yar gaba kaɗan. Fenti na ɗiga a ƙafarsa.

Yaya ta fito ta bayan gida ta tsaya, ta harɗe hannu. "To yanzu ɗakin ya tsira?" ta tambayi Mai Taswira.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Yaya. Saiwar za ta riƙe na wani lokaci. Wasu kututturen za su yi toho, wasu za su ruɓe. Sai an jera duwatsu, an sake dasa ciyawa, kuma kwamiti zai sa masu wurin su yi. Amma ciyawa ba ta girma don an ba ta umarni. Har sai ruwa ya cika ya koma mun ga abin da ya bari, kada kowa ya kwana a ɗakin nan."

"Kin ji, Inna?" in ji Yaya ta taga.

"Na ji. Ba inda za ni. A ɗakin nan na haife ku."

Mai Aski ya ajiye buroshin ya zagaya ya shiga. Ya durƙusa a gaban gadon. Bai iya lallashi da baki ba, sai ya kama ƙafarta mai sanyi ya riƙe, kansa a ƙasa. Inna ta dube shi ta daɗe, ta ga jan fenti a yatsunsa, ta ga laka.

"Kai ka sa aka sare su?"

"Ni na ce a bari a yi, Inna."

"To," ta ce. Ta juya ta dubi ruwan. "Reshen nan dai ya daina goga min kwano." Ta ja numfashi. "Ku ɗauke ni. Amma da katifata."

Da katifar suka ɗauke ta, Mai Aski da Yaya ta wajen kai, Mai Taswira da Ɗan Kwangila ta wajen ƙafa, shi yana ta cewa a hankali, a hankali, kamar wani ya ce za a yi sauri. Suka kai ta ɗakin Yaya na gaba, wanda tagarsa ke kallon layi. Da suka koma ɗauko gadon suka janye shi daga bango, sai duk suka tsaya. Tsagar ba a bayan gado ta ƙare ba. Ta sauka ƙasa, ta ratsa siminti har tsakiyar ɗaki, daidai inda kan Inna yake kwana, gefenta kuma ya yi damshi.

Yaya ta jawo ƙofar ɗakin ta rufe, ta sa sakata.

Baƙin suka tafi. Mai Aski ya zauna a bakin gado a ɗakin gaba, bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Inna tana ta juya kai, tana neman taga a gefen da ta saba, sai ta ga bango. Ta ɗaya gefen kuma mutane ne ke wucewa, da kekuna, da wani mutum mai rabin aski da ya leƙo ya tambaya ko lafiya, Yaya ta ce masa ya je gida ya sa hula.

"Wannan ɗaki da hayaniya yake," in ji Inna. Ta motsa kafaɗa. "Auta, gyara min matashin nan."

Ya miƙe ya kai hannu, sai ya tsaya, hannun a sama.

"In ɗaga ne, Inna, ko in sauke?"

Yaya, da ke bakin ƙofa tana fiddo cefane daga kwando, ta ɗago ta dube shi. Sai ta mai da kai kan kwandon.

"Ɗaga," in ji Inna. "Kaɗan."

Ya ɗaga kaɗan, ya tambaye ta ko ya isa.